Saiwar da Mande Ya Kawo

Mustafa, Nafisa, Abdurrahman, da ke Hauwa'u, wannan babin ba zai yi muku daɗi ba. Ni ma wata biyu na yi ina kewaye shi, ina cika takarda da labarin azuzuwan da na koyar da Hajjin da na yi, don kawai kada in iso nan. Kun tashi kuna jin cewa Baffanku Mande na Maradun ne ya sa wa babanku hannu har ya mutu. Ƙarya ce. Taba sigari ce ta kashe babanku. Ya sha ta shekara ashirin da ɗoriya a cikin gidan nan na Talata Mafara da kuka girma a ciki, kuma ni uwarku ni ce mai share guntayen.

Na san abin da zai fara zuwa bakinku: Malam guda, mai koyar da kimiyya a sakandare, ɗan gidan malamai na Bakura? To wannan maganar ita ce ta yi mana gadi duk tsawon shekarun nan, domin ba wanda ya taɓa tunanin ya duba. Su uku kakanku ya haifa maza. Babban, Malam Sahabi, wanda kuke kira Baffa Liman, shi ya gaji zaure da littattafai da limanci. Babanku aka ware aka kai boko. Mande kuwa allo bai riƙe shi ba, aji ma bai riƙe shi ba. Ya gudu tasha yana lodin albasa, daga baya ya samu ɗan fili kusa da madatsar ruwa a Maradun ya kama noman rani. Mutum ne mai babbar murya da saurin fushi da saurin hucewa, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa. Tabarsa a fili yake shanta, tsakiyar kasuwa, yana busa hayaƙi yana ciniki, har Baffa Liman ya hana shi zama sahun gaba a masallacin gidansu. Babanku kishiyarsa ne ta kowace fuska. Ba ya ɗaga murya, ba ya musu, in an ɓata masa rai sai ya yi murmushi ya haɗiye. Ban taɓa ganin mutumin da ke tsoron a ce ya gaza kamarsa ba.

Watanmu uku da aure na kama shi, a ɗan ɗakin baya inda yake gyaran takardun ɗalibai bayan la'asar. Na shiga kai masa ruwa na tarar da karan taba a hannunsa. Ya tashi tsaye kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ya ce a kwaleji ya koya, lokacin jarrabawa, wai tana buɗe kai, kuma zai bari da zarar an gama wannan zangon. Zango ya ƙare, wani ya shigo. Na haifi Mustafa ya ce zai bari, na haifi Nafisa ya ce zai bari. Daga baya ya daina cewa, ni ma na daina tambaya. Ba ya saye a Mafara, don kada mai tebur ya san shi. Sai in ya je Gusau taro ya sayo ta wata guda ya jera bayan littattafai. Aljihunsa kullum da kanumfari. Ni kuma aikina turaren wuta safe da yamma, da kwashe guntaye in tura cikin murhu kafin ku dawo daga Islamiyya. Matan unguwa har yabona suke yi, wai Malama akwai son ƙamshi.

Abin da ya fi ci mini rai, ya san illarta fiye da kowa a garin nan. Da hannunsa yake zana huhu a allo, ɗaya fari ɗaya baƙi, ya yi bayani har yara su tsorata. Yaron da aka kama da taba a bayan aji, wurinsa ake kai shi, ya yi masa bulala, ya haɗa da nasiha mai ratsa jiki. Sannan ya dawo gida ya rufe ƙofa ya kunna tasa. Ni ma malama ce, shekara talatin ina gaya wa iyaye cewa ilimi shi ke raba mutum da mugun hali. Abin da na gani a gidana shi ne ilimi bai hana babanku sha ba, ɓuya kawai ya koya masa, ya kuma sa faɗuwar ta yi masa nisa da ƙasa har bai iya neman taimakon kowa.

Mande da bai iya rubuta sunansa ba, rana ɗaya ya bar ta. 'Yarsa Saratu tana ƙarama ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta kau da kai ta ce Baba yana wari. Matarsa Kulu ta ba ni labari. Ta ce ya tsaya yana kallon yarinyar, sannan ya zaro kwalin ya jefa cikin kwalbatin ban-ruwa, ya rantse a gaban ma'aikatansa. Sati biyu ba mai iya kusantarsa saboda faɗa. Wani Bafulatani abokinsa a Damaga ya ba shi wata saiwa mai ɗaci, ya ce duk lokacin da marmarin ya taso ya tauna. Da ita ya lallaɓa har ya rabu.

Shekarar da nake son ba ku labari, da damina babanku ya fara wani tari busasshe da ba ya jin magani. Duk Talata Mande kan shigo kasuwa da kayansa, ya biyo ta gidanmu ya ci tuwo. Akwai wasa tsakanina da shi irin na ƙanin miji, kullum sai ya ce miyata ta 'yan boko ce, ba daddawa sai bayani. Wannan Talatar ya zauna yana jin tarin yayansa daga ɗakin baya. Bai yi wasan ba. Da na zo ɗaukar kwano ya rage murya.

"Malama, tun yaushe?"

"Tarin? Tun farkon damina."

"Ba tarin ba. Kin ga hancin wanda ya taɓa sha, turare ba ya ruɗa shi. Na fi shekara goma da sani. Dubi yatsunshi biyu."

Na roƙe shi da girman Allah kada ya faɗa wa kowa. Ya ce in shi mai faɗa ne da tuni an ji. Talatar da ta biyo baya ya zo da ƙunshi a tsumma, ya shiga ɗakin baya ya rufe ƙofa. Ina tsakar gida ina jin muryarsa, don Mande ko raɗa zai yi sai maƙwabta sun ji rabi.

"Yaya, kai ka san sunan kowace cuta da ke cikinta, ni ban san ko ɗaya ba. Amma ni na san yadda ake barinta. Wagga saiwa ba ita ke aikin ba, zuciya ke yi. Baki ne dai ke son abin yi, sai ka ba shi."

Babanku ya karɓa. Kuma wallahi ya gwada. Kwana goma sha ɗaya bai kunna ba, yana tauna saiwar yana yamutsa fuska. Ban taɓa son sa kamar a kwanakin nan ba. A rana ta goma sha biyu yana alwalar azahar ya yi tari, jini ya zubo a kan siminti.

Baffa Liman ya zo daga Bakura muka kai babanku asibiti tare. Likitan ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya ɗago ya tambaya ko yana shan taba. Babanku ya sunkuyar da kai. Baffa Liman ya gyara rawani ya ce, "Subhanallahi, likita, ka san ko ɗan wane gida ne wanga?" Likitan bai kula shi ba, ni ya kalla. Na ce a'a, bai taɓa sha ba. Ya rubuta abin da na faɗa. Aka ba mu magunguna muka dawo, tari na ƙaruwa, jiki na zubewa. Kakarku Inna ta ce a kawo mata ɗanta Bakura a haɗa da na gida.

A can ne, ranar da take kakkaɓe masa shimfiɗa, ta tsinci ƙunshin a aljihun rigarsa. Ta kwance, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta tambaye ni daga ina. Na ce Mande ya kawo. Ban ƙara komai ba, kuma wannan shi ne laifina na farko a gidan. Kafin la'asar magana ta zagaye gida: an ba Malam abu ya ci, kwana goma sha biyu ya fara aman jini. Nan da nan kowa ya tuno wani abu. Wata ta tuno Mande ya taɓa cewa an fifita yayansa an kai shi boko. Wani ya ce ai ɗan tasha ba a raba shi da bokaye. Ba wanda ya tuna cewa tarin ya riga saiwar zuwa da wata biyu.

Na shiga wurin babanku na durƙusa na gaya masa abin da ake faɗa. Yana cikin hankalinsa sarai, kada wani ya ce muku ba haka ba. Na ce kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

"Ɗalibaina za su ji," ya ce. "Yaya zai ji, Inna za ta ji. Ki rufa mini asiri. In na samu sauƙi ni da kaina zan gyara."

Ya juya ya fuskanci bango.

Washegari da hantsi aka aika Maradun aka kira Mande. Aka zauna a zaure, Baffa Liman da dattawan gida uku. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar ciki, ni da Inna. Mande ya shigo da laka a ƙafarsa, daga gona aka ɗauko shi. Ya gaishe da kowa har ƙasa, yana tsammani jikin Yaya ne ya tashi. Baffa Liman ya tura ƙunshin gabansa da bakin sanda, ko taɓawa bai yi ba.

"Ka san wanga?"

"Awo. Ni na kawo mishi."

"Maganin mi?"

Na ga lokacin da Mande ya fahimci abin da ake nufi, fuskarsa ta canza. Ya ce a kawo Alƙur'ani. Aka kawo, ya yi alwala, ya dafa ya rantse bai nufi ɗan'uwansa da cuta ba. Ya ɗauki saiwar ya tauna a gabansu ya haɗiye. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ai mai abu ya san makarinsa.

"Rantsuwa mun ji," in ji Baffa Liman. "Tambaya guda munka yi maka. In na alheri ne, maganin mi?"

"Ku tambayi mai shi."

"Ba ya iya magana."

"To ga matarshi nan. Malama, ke kin san ko na mi ne. Faɗa musu."

Duk suka juyo. Ina jin tarin babanku daga cikin gida. Na tuna ku, Mustafa yana shekarar ƙarshe a makarantar da uban ke koyarwa. Na tuna turaren da na ƙona shekara ashirin, da a'ar da na ce wa likita a gaban wannan Baffa Liman ɗin. Kada in yi muku ƙarya a nan ma: ba mutuncin babanku kaɗai na duba ba, har da nawa. In na faɗa, ni ma maƙaryaciya ce a gaban surukaina.

"Ni dai na ga ya kawo," na ce. "Ban san ko na mene ne ba."

Na ɗauka zai fashe. Mutumin da ke tara kasuwa a kan buhu ɗaya, na tabbata zai tona komai, har a raina ina fatan ya tona ya hutar da ni. Bai yi ba. Ya kalle ni kallon da har yau in na rufe ido ina gani, sannan ya kalli ƙofar da yayansa ke kwance a bayanta.

"To shi ke nan," ya ce. "Ni ma ban sani ba."

Inna ta fashe da kuka ta ce ya fita mata daga gida. Ya sa takalmansa ya fita.

Bayan sati uku muka kai babanku Sakkwato. A can likita ya ɗaga hoton ƙirji ya fitar da kowa sai ni. Bai tambaye ni ko yana sha ba, cewa ya yi shekara nawa. Na faɗa masa. Ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Ban ce da na faɗi gaskiya tun a Mafara zai tashi ba, likitan bai ce haka ba, ni ma ban sani ba. Na fito na gaya wa dangi sunan ciwon na haɗiye dalilinsa. Suka ce to, daji, amma wa ya turo dajin? Babanku ya yi wata biyu bayan nan. Sau biyu ina tuna masa maganar Mande, sau biyu yana cewa gobe. Ya rasu bayan girbi bai gyara komai ba. Ina yi masa addu'a kullum, amma ban daina jin haushinsa ba, kuma na gaji da yin kamar na daina.

Mande ya zo jana'iza. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗa, wani ɗan Baffa Liman ya janye shi ta baya a gaban jama'a. Kai Mustafa, ranar uku Mande ya miƙo maka hannu ka mayar da naka aljihu. Ina kallo ta taga. An yaba maka a gidan ranar, an ce ɗan halak. Daga nan abin ya bi shi har Maradun. Masu cin abinci da shi a gona suka koma gefe. Yaron da ke neman Saratu, iyayensa suka janye bayan an sa rana, suka ce ba sa haɗa jini da gidan da ake ba ɗan'uwa abu. Inna ta rasu ba ta sake yarda ya shigo inda take ba. Shekara biyu yana aiko muku da buhun shinkafa bayan girbi, ku marayun yayansa, ni kuma ina mayarwa, don dangi sun ce kada ku ci komai daga gidan. Ina mayarwa ina sane da cewa ba abinci mai tsarki kamarsa da ya taɓa shigowa gidan nan.

Shekara goma sha shida na yi a haka. Na yi ritaya, na je Makka, na aurar da ku, ana kirana Hajiya Malama ana kawo mini rikicin mata in sasanta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin da ko goro ba ya ci. In ce amin.

Bara, saura wata biyu azumi, Kulu ta aiko mini cewa Mande ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu. Ba ta ce in zo ba. Na hau mota na tafi Maradun ban gaya wa kowa ba. Na same shi a rumfar tsakar gida an jingina shi da bango. Babbar muryar nan ta tafi, sai ka matso kake ji. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowannenku da suna, har jikoki ya san sunayensu, ban san wa ke gaya masa ba. Da gaisuwa ta ƙare na sauka daga kujera na durƙusa, na ce na zo neman gafara.



"Yaya na yafe mishi tun ranar," ya ce. "Tsoro gare shi tun muna yara, ga ciwo. Ke fa lafiyarki lau, da ƙafafunki kinka zauna a tabarmar nan."

Na ce haka ne.

"Ke ce mai ilimi. Ni da na faɗa, cewa za su yi ɗan tasha ya ƙara da ƙazafi. Ke in kin faɗa an yarda."

Na ce haka ne, ina kuka. Kulu tana tsaye bakin madafa tana kallonmu.

"Ɗiyanki sun sani?"

"Tukuna."

"To tashi ki koma, Malama. Ba ki zo ba tukuna. Ran da Mustafa ya shigo gidan ga ya ba ni hannu, ran nan kin zo."

Na dawo Mafara da niyyar in kira ku a ranar. Na ɗauki waya na ajiye. Na ce wannan ba maganar waya ba ce, bari azumi ya wuce, in kun taru da Salla in zaunar da ku. Na ma tsara yadda zan fara. Ashe irin goben babanku na koya ban sani ba.

Ranar sha tara ga azumi da safe Saratu ta kira ni. Ta ce an yi rasuwa, za a kai shi bayan azahar, kuma mahaifiyarta ta ce ba sai na zo ba.

Na zauna a bakin gado na daɗe, sannan na kira ka, Mustafa. Kana ofis, ina jin hayaniya a bayanka. Na ce Baffanka Mande ya rasu. Ka ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Ko sunansa ba ka kama ba. Bakina a buɗe yake, maganar tana kan harshena, sai ka tambaye ni ko na sha maganin hawan jinina da sahur.

Na ce na sha.